Ɗiyar Adamu Ta Zo Daga Amurka

Ni direba ne a gidan Abu Najwa a unguwar Safa ta Jidda, kuma shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar. Abin da zan faɗa a gidansa ya faru, a kan wata tsohuwa da kowa ke kira Inno.

Ɗakinta yana bayan kicin, irin wanda magina ke warewa don 'yar aiki. Ba taga. Katifarta na gefe ɗaya, injin wanki na ɗaya gefen, in ana wanki sai ta naɗe ƙafa ta ba shi wuri. Idan baƙi suka tambaya, Hind matar gidan takan ce, "Dadarmu ce, wato mai reno, ita ta reni Abu Najwa." Renon kam ta yi. Abin da ba a faɗa shi ne ita ta haife shi.

A Khumra na ji wannan, inda nake zaune da iyalina, daga bakin tsofaffin matan da suka san ta tun tana da ƙarfinta. Daga ƙasar Gobir ta zo hajji da mijinta da yayanta Adamu, suka zauna ba takarda. Adamu ya samu aiki a jirgin ruwa, ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mijin ya rasu ya bar ta da ciki. Da ta haihu, wani Alhaji cikin Hausawan da suka daɗe da zama 'yan ƙasa, wanda matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, ya ce a rubuta yaron da sunansa. Mutanenmu da yawa sun yi haka. Yaro ya samu jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa, ya yi karatu, yau manaja ne a wata masana'anta. Uwar ta bi shi gidan Alhaji da sunan mai reno, bayan rasuwar Alhaji da matarsa ta biyo shi nan.

Ɗan fari ne, Inno kuma mutuniyar da ce. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "mutumen ga" take ce masa. In ya shigo kicin sai ta juya fuska ga tukunya. Amma ita ce ke tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Direba, mutumen ga ya ci abinci wurin aiki? Kada ka bari ya sha baƙin lemon nan, sukari gare shi."

Najwa, babbar 'yar gidan, ita ta jawo maganar ba da nufi ba. Da ta je kwas Ingila ta ga ƙawayenta na tofa yawu a 'yar kwalba suna aika wa wani kamfani, shi kuma ya gaya wa mutum inda kakanninsa suka fito, ya haɗa shi da danginsa na duniya in su ma sun tofa. Ita ma ta yi, don wasa.

Wata Juma'a na ɗauki Inno zan kai ta Khumra gaida ƙawayenta, fitar da take yi ke nan a mako. Najwa ta shiga gaba don in ajiye ta a hanya. Hausarta a bakin Inno ta koye ta, rabi Larabci ce.

"Inno, kin san ina da 'yar'uwa a Amrika?"

"Ke da ko na Makka ba ki gama sani ba?"

"Wallahi. Yawuna ya nuna."

"Yawu? Mu da in an tofa yawu ƙasa ake turawa a rufe. Yanzu har jirgi ake sa shi?"

Najwa ta yi dariya. Ta ce sunan matar Loreta, motar 'yan makaranta take tuƙawa. "Abokiyar aikinka ce, ya Zaharadden." Babanta Adamu ɗan Afirka ne, ya rasu tana budurwa, bai gaya mata komai na asalinsa ba sai cewa daga Jidda ya hau jirgin ruwa. Ta daɗe tana neman danginsa. Kamfanin ya ce kusancinsu da Najwa kamar ita Loreta 'yar kawun Abu Najwa ce.

"Kuma Baba ba shi da kawu mai suna Adamu. Shufi, ga hotonsa. Zanen fuskarsa irin naki."

Ta miƙa wayar baya. Ta madubi na ga Inno ta riƙe ta da hannu biyu, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"Ya tsufa," ta ce.

Najwa ta juyo gaba ɗaya. "Kin san shi?"

"Direba, ka wuce kwanarta."

Ban wuce ba, amma na ce to.

Washegari da na ɗauki Abu Najwa zuwa aiki, fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Najwa ta gaya masa, ta kuma gaya masa cewa ta riga ta gayyaci matar, za ta zo umara da wata ƙungiya wata mai zuwa, ta biyo ta Jidda. Mun kusa unguwar masana'antu kafin ya yi magana.

"Kai a Khumra kake. Na san abin da tsofaffin can ke faɗa."

"Ni tuƙi na sani, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ka ci gaba da sanin tuƙi. Daga yau Inno ba ta zuwa Khumra. 'Yan jawazat masu duba takardu na kame, kuma ƙafarta na ciwo."

Ƙafarta lafiya lau. A cikin makon Hind ta karɓe 'yar wayarta, ta ce 'yan damfara sun yi yawa, suna kiran tsofaffi. Aka hana ta zuwa falo kallon sallar Harami a talabijin, wai sanyin na'ura na sa ta tari. Idan mutanen gidan za su fita, sai a kulle ƙofar kicin ta waje, don kada ta manta gas a kunne ta fita. Matar da ta dafa wa gidan nan abinci tun kafin a haifi Najwa, ba ta taɓa ƙona ko albasa ba.

Ni ke kawo ruwan sha da tukunyar gas, don haka ni kaɗai nake shiga wurinta daga waje. Ta rame, amma bakinta ya buɗe fiye da da. Ina ɗaura tukunya tana zaune a kan kujerar roba tana magana.

"Ɗiyar Adamu na zuwa, ka ji ko? Ka samo mani gero wurin mutanenmu, in yi mata fura. Adamu in bai sha fura ba cewa yake bai ci abinci ba."

"Inno, 'yan Amurka na shan fura?"

"Jininmu ce, za ta sha. Ba asali take bida ba? Ni ke da shi. Ubanmu Magaji maƙeri ne, a bakin kasuwa maƙerarsa take. Ubansa Ɗantani, shi ya ƙera ƙofar ƙarfe ta farko a garin. Uwarmu Tamadi, ita ta goya Adamu har ya yi wayo don ƙafarsa ta hagu ta makara. Ko ta san ubanta ya yi rarrafe har shekara uku? Wa zai gaya mata in ba ni ba? Duk sun mutu."

Na kawo geron. Ta jiƙa, Hind ta gani, ta zubar, ta ce yana kawo ƙwari.

Ana gobe baƙuwa za ta zo, na shigo da ruwa na tarar da Abu Najwa a kicin, tsaye a bayan uwarsa. Ita tana fuskantar tukunya. Bai ko damu da ina nan ba.

"In kika buɗe baki, halas, tamu ta ƙare. Takardata ta zama ta jabu. Za a karɓe jinsiyyata, a karɓe ta yara, a kai mu tarhil gidan masu jiran kora, a tura mu ƙasar da ban taɓa gani ba. Abin da kike so ke nan?"

Tukunyar ta yi wa magana. "Ɗiyar ɗan'uwana kawai nike son gani. Ba ni cewa komi."

"Fuskarki za ta faɗa. Hoton ubanta na hannunta."

"In rufe fuska."

"Ki zauna a ɗaki. Yini ɗaya ne."

A mota ya sauke mini sauran. "Kana ganin ni azzalumi ne, ko? Me ta rasa? Abinci, magani, sutura, duk ina yi. Da na ƙi karɓar matar nan, unguwannin Hausawa za ta shiga tana tambaya, gara ta zo nan ta ji babu, ta koma. Kuma wa ya fara? Ni na ce a rubuta ni da sunan wani? Na fi shekara hamsin a duniya, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ɗana ba."

Na so in ce masa ya san dalili. Na tuna iƙamata, takardar zamana, ta kusa ƙarewa, kuma sa hannunsa take jira, ga Sajida 'yata da ba ta da wata takarda sai tawa. Na kama sitiyari.

Loreta ta iso da azahar. Doguwa ce kakkaura, ta sa abaya da ba ta kai mata idon sawu ba. Tana sauka daga mota ta ce mini, "Sannu," ta yi dariya, na ga wushiryarta. Ta Inno ce sak. Sannun nan ita ce kalmar da ta riƙe daga bakin ubanta.

An kulle Inno tun safe. Abincin daga gidan abinci aka yi oda, ni nake shigo da farantan falo ɗaya bayan ɗaya. Turancina na sakandare ne da ban gama ba, amma ina tsintar wasu. Abu Najwa yana ta bayani da murmushi: na'ura na kuskure, mutanen Afirka duk jininsu a haɗe yake, shi iyayensa da kakanninsa a nan aka haife su. Zane kuwa, dubban mutane ke da irinsa. Loreta na gyaɗa kai, hannunta a kan jaka. Ta ce babanta yakan ambaci ƙanwarsa da ya bari a Jidda, ya ce zai koma ya ɗauko ta, bai samu hali ba.

Najwa ta tashi ta fita. Na ji ƙarar mukulli daga kicin.

Na dawo da babban farantin shinkafa da nama, ina bakin ƙofar falo, sai ga su. Najwa ta riƙo hannun Inno. Tsohuwar ta sa atamfarta ta salla, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don ɗanta na zaune, amma idonta na kan Loreta. Ba janta ake yi ba, da ƙafarta take tahowa. Na san ta yanke shawara. Hannunta na kan gefen mayafin, leɓenta na motsi. Da an ce mata, "Kin san Adamu?" da ta amsa. Da an yi shiru ma, da ta faɗa da kanta.

Hind ta miƙe. "Najwa! Aib!"

Najwa ba ta kula ta ba. Ta tsayar da Inno a tsakiyar falo, ta nuna ubanta da yatsa.

"Inno, ki faɗi gaskiya gaban kowa. Baba ɗanki ne? Ke kika haife shi? Ki dube shi ki faɗa."

Farantin ya kusa suɓuce mini. Yarinya haihuwar Jidda, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ba a yi wa uwa wannan tambayar a kan ɗan fari, balle a gabansa, balle gaban baƙuwa. Inno ta tsaya cak. Hannun da zai sauke mayafi shi ya ja shi ya rufe fuskar gaba ɗaya. Ta juya wa ɗanta baya. Ta zare hannunta daga na Najwa, ta bi bango ta fita, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da ya gani. Da ba ɗanta ba ne, da dariya za ta yi ta ce, "Wa? Wannan ƙaton?" Ni na sani. Abu Najwa ya fi ni sani. Ya sauke numfashi, ya buɗe hannuwa.

"Kin gani? Kin kunyata tsohuwa a banza. Ta ji haushi."

Ya juya ya gaya wa Loreta da Turanci cewa mai renonsa ce, ta tsufa, hankalinta na zuwa yana tafiya. Najwa ta zauna, fuskarta a ƙasa, ta ba baƙuwa haƙuri, ta ce ita ta yi zaton wani abu. Daga kicin na sake jin mukulli. Hind ta dawo tana cewa, "Yalla, bismillah, abinci zai huce."

Da la'asar na mayar da Loreta otal. Abu Najwa ya shiga gaba kusa da ni, abin da bai taɓa yi wa baƙo ba. A hanya ya ce mata ya bincika tun kafin ta zo, tsofaffi sun tabbatar masa akwai wata mai kama da ƙanwar babanta, amma ta rasu tuntuni a wata shekarar annoba, ba ta bar baya ba. Loreta ta yi kuka a hankali. Ta ce ba komai, aƙalla yanzu ta san ƙarshen labarin, za ta rubuta wa 'ya'yanta. Har hannu suka ɗaga tare suka yi wa mamaciya addu'a, ni ina tuƙi.

Da safe da na kai ruwa, Inno na zaune a kan katifa, atamfar jiya na jikinta.

"Mi ta ce? Ka ji Turancin?"

Na gaya mata abin da na tsinta. Adamu ya bar jirgi ya yi tuƙin tasi. Ciwon zuciya ya kashe shi. Musulmi suka yi masa salla. Yana ambatonta har ya mutu. Loreta na da 'ya'ya biyu, ta sa wa macen Hansai, sunan da take jin ubanta na faɗa.

Sai a ranar na san Hansai ne sunan Inno na yanka. Ta rufe baki da hannu, ta daɗe a haka.

"Ta ci abinci dai?"

"Ta ci."

"Ta tambaye ni?"

Ban iya gaya mata addu'ar da aka yi a mota ba. Na ce tana gaishe ta.

Abin ya ƙi barin raina. Bayan kwana biyu, ina kai Najwa banki, na ce mata, "Ranki ya daɗe, a wurinmu uwa ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane. Juya bayan nan da ta yi, ba a'a ba ne." Na yi mata bayani iya iyawata. Da muka tsaya a danja ta juyo ta dube ni.

"Yaani kakata ce."

"Ke kika faɗa."

"A ɗakin injin wanki." Ta fashe da kuka. Ta ciro waya ta ce yanzu za ta rubuta wa Loreta, ba ta bar Makka ba tukuna. Ta fara rubutu. Can sai yatsanta ya tsaya.

"In kakata ce, to takardar Baba..."

Na tsayar da mota. Ta kalli ginin bankin da ke gabanmu, ta kalli katin aikinta da ke rataye a wuyanta. Ta mayar da wayar jaka. A makon nan ta goge sunanta daga shafin kamfanin, ta toshe lambar Loreta. Ta sayo wa Inno bargo mai laushi da turare mai tsada, ta ba ni in kai mata, don ita ta daina shiga kicin.

Ba a yi wata ba Abu Najwa ya ce gidan ya yi wa Inno ƙunci, tana bukatar mutanenta. Ya kama mata ɗaki a Khumra, a bayan wani sito, cikin layin da leburori ke kwana. Ya ce na ɗan lokaci ne, kafin ƙura ta lafa. Hind ta ce ai gata aka yi mata, ta huta da aiki. Ni na ɗauko ta da jakarta ɗaya. Shi yana wurin aiki lokacin.

Ɗakin na da taga, amma bangon sito take kallo. Ba ta fita, don motar jawazat na yawan zagaya layin, kuma in aka kama ta za a tambaye ta inda ta zauna duk shekarun nan. Ƙawayen nata biyu sun rage, su ma ba sa iya tafiya mai nisa. Matata Amatullah ke kai mata abinci. Abu Najwa na aiko da magani da shinkafa ta hannuna, bai taɓa fasawa ba, bai kuma taɓa zuwa ba. Ya ce mota irin tasa a layin nan za ta ja ido.

Na san za a ce ai tsoro ne, kuma tsoron na gaskiya ne, ni ma ina cikinsa. Amma tsoro bai ce a ba ta ɗakin injin wanki ba tun farko. Tsoro bai hana mutum ya rufe ƙofarsa ya zauna kusa da uwarsa ya ci abinci ba. Mace ta ba da ɗanta don ya zama mutum, ya zama, sai kunyar da ta yi masa don girmamawa ya ɗauka ya mayar hujja a kanta. Wata kuma ta tsallako teku tana neman wanda zai gaya mata sunan kakanta, ta zo har falo ɗaya da mai amsar, aka sallame ta da ta'aziyya. Gidaje nawa ne a garin nan ke da irin wannan dada a bayan kicin, ban sani ba. Na dai san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta. Ta ƙara ramewa, zanen fuskarta ya nutse cikin tamoji. Ta tambayi Najwa, ta tambayi ko mutumen ga na shan maganinsa. Da na tashi tafiya ta riƙe bakin rigata.

"Direba, in roƙe ka abu guda."

"Faɗi, Inno."

"Ranar da na mutu, kai da matarka ku san yadda za ku yi da ni. Kada ka kira shi."

"Haba Inno. Ko gawarki ba zai..."

"Kada ka kira shi," ta ce. "Za su tambaye shi ko ni wace ce."